Mai Mota da Motarsa: Hannunsa ko Gidan Dila

Ku sani wata gardama ta tashi a zaurenmu na Unguwar Dosa tsakanin abokaina biyu, kowannensu mai mota, har ta kwana uku ana ɗauko ta ana ajiyewa. Ɗaya ya ce shi motarsa ba mai taɓa ta sai gidan dila, watau wakilin kamfanin da ya ƙera ta, ko da baƙin mai ne kaɗai za a juye. Ɗayan ya ce wannan ɓarnar dukiya ce, shi da sifanarsa da jak ɗinsa yake yin kome a ƙofar gida. Da suka gaji sai suka juyo gare ni, domin sun san wutar nan ta taɓa ƙona ni. Na ce ba zan amsa da baki ba, sai dai in rubuta, domin al'amarin ya fi ƙarfin mutum uku.

Amsata ita ce, aikin mota kashi uku ne. Akwai wanda ya hau kan mai ita ya yi da hannunsa, akwai wanda gidan dila ya fi cancanta da shi, akwai kuma wanda ake ba bakanike bisa sharaɗi. Amma wanda bai san motarsa ba, ko'ina ya kai ta asara zai yi. Ga bayani, in kun yi haƙuri da ni.

Fasali na farko, a kan abin da ya same ni

Na taɓa sayen tsohuwar mota ƙirar Japan, irin waɗanda ake kira tokumbo. Wata rana ta fara zafi cikin cunkoson Kawo, sai na kai wa wani bakanike da aka yaba mini. Ya buɗe bonet, ya leƙa, ya ce, "Malam, ƙaramin abu ne. Akwai wata 'yar ƙofa a hanyar ruwa, ana ce mata tamostat, Turawa suka sa ta saboda sanyin ƙasarsu, ba ta da aiki a nan." Ya cire ta ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, ya zubar da ruwan lagireto mai launi, ya cika da ruwan rijiya. Na biya, na yi godiya, na tafi, ban tambayi ko kalma ɗaya ba.

Ashe asalin cutar wani tiyo ne da ke yoyo kaɗan kaɗan, shi kuwa ba a taɓa shi ba, an dai rufe bakin alamar. Ruwan rijiya ya yi ta cin ƙarfe, tsatsa ta toshe lagireto. Bayan 'yan watanni muna kan hanyar Zariya, mun wuce Jaji, da iyalina da tsohuwata a baya, sai tururi ya turnuƙe gaban mota. Gaskit ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Muka zauna bakin hanya har rana ta faɗi, tsohuwa tana ƙishi, yara suna kuka, ni kuwa ba abin da na iya sai kallon inji kamar wanda aka miƙa wa takarda da harshen da bai sani ba. Gyaran ya cinye mini albashin wata uku.

Cikin fushi na ce daga yau sai gidan dila. Na je, aka karɓe ni da mutunci, aka zaunar da ni wuri mai sanyi, aka yi aiki mai tsabta, ban ga aibinsa ba. Amma da aka miƙo takardar kuɗi sai na ga jerin abubuwa goma sha, ban iya rarrabe wanda tilas ne da wanda zai iya jira ba. Na biya duka. Daga baya na gane rabin abin da ke cikinta aikin rabin sa'a ne a tsakar gidana. To ku duba, a ƙarƙashin bishiyar bakanike makaho nake, a ɗakin dila ma makaho nake. Wurin ne ya sake, ni ban sake ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wannan. Mu ne mutanen da in ɗalibi ya kawo magana a karatu sai mu ce masa, a wane littafi ka gani, a wane babi, wa ya karantar da kai? Amma a kan abin da ke ɗauke da rayukan iyalinmu, sai mu karɓi maganar kowa ba hujja, alhali kowace mota tana da littafinta wanda maƙeranta suka rubuta.

Fasali na biyu, a kan yadda zamani ya juya

Dattawan Kaduna sun san lokacin da wannan gardama ba ta da wuri. A shekarar 1975 kamfanin Peugeot, wanda muke kira Fijo, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, ƙetaren kogi. Mota irin 504 ta cika gari, ma'aikaci da ɗan kasuwa da direban tasha duk ita suke hawa. Injinta a fili yake, kayanta suna nan kusa, kuma kanikawa da yawa sun san ta ciki da waje, har mai ita yakan share filogi ya daidaita kafireta da kansa ranar hutu.

Sa'an nan tattalin arziki ya yi rauni, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma ga na hannu da ake kawowa daga Turai da Amurka ta Ikko da Kwatano. Wannan ya kawo abu biyu. Na ɗaya, mafi yawan motocin da ke bin titin Ahmadu Bello da na Ali Akilu ba su da garanti, watau alkawarin kamfani na gyara kyauta, domin wa'adinsa ya ƙare tun suna can. Na biyu, motocin sun zama masu ƙwaƙwalwa. Tun daga 1996 doka a Amurka ta wajabta wa kowace sabuwar mota wani soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake cusa na'ura ta karanto abin da ke damun inji. Kunnen bakanike, kome ƙwarewarsa, ba ya jin abin da wannan na'ura ke gani.

Bayan haka tsada ta zo ta ƙara. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. Dala da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Kayan gyara kuwa galibinsu da dala ake sayo su. Saboda haka kuskuren da dā ake gyarawa da kuɗin cefane ya zama mai ajiye mota shekara guda a kan duwatsu. Wannan ne ya sa na ce maganar ta cancanci tawada.

Fasali na uku, a kan abin da ya hau kan mai mota

Farkon abu shi ne ya nemi littafin motarsa. In bai zo da ita ba, ana samunsa a intanet da sunan mota da shekararta. In Turanci ya yi masa nauyi, ya sa ɗansa ko ɗalibinsa ya fassara masa babin kula da mota, ya rubuta da hannunsa ya ajiye.

Kowace safiya ko kowane mako, kafin a tayar da inji, mota tana tsaye wuri mai daidai, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya ga man yana tsakanin alamun nan biyu. Ya duba ruwan lagireto inji yana sanyi, kada ya kuskura ya buɗe murfin da zafi, domin ruwan yana cikin matsi, yana iya fesowa ya saɓule fuska. Ya duba man birki a 'yar robarsa. Ya durƙusa ya ga ko wani abu ya ɗiga a ƙasa cikin dare.

Iskar taya kuwa, adadinta yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne jikin ƙofar direba, a ƙananan motoci da yawa tsakanin 30 da 35 ne. Mai faci yakan dura fiye da haka domin ya ga tayar ta tsaya ƙyam, alhali iska mai yawa tana rage kama ƙasa, tana cinye tsakiyar taya. Ka sayi geji naka. Kuma a jikin kowace taya akwai lamba huɗu masu faɗin ranar haihuwarta: in ka ga 2319, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana tsufa ko da zanenta bai goge ba, saboda haka wanda ya san wannan lamba ba a sayar masa tsohuwa da sunan sabuwa.

Matatar iska ita ce hancin inji, kuma ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri. Buɗe akwatinta da sake ta bai fi ɗaure rawani wuya ba. Haka share bakin batir da sake roban goge gilashi da ƙwan fitila.

Juyen baƙin mai ma mai ƙarfin jiki yana iya yi. A ɗumama inji kaɗan, a sa kwano, a kwance notin ƙasa, a bar man ya tsiyaye, a sake matatar mai bayan an shafa wa robarta ɗan mai, a ɗaure da hannu ba da ƙarfin tsiya ba, a zuba gwargwadon da littafi ya faɗa, a tayar, a duba yoyo. Amma ku riƙe abu huɗu. Na ɗaya, kada mutum ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai ya tokare ta da abu mai ƙarfi, domin jak yana zamewa. Na biyu, baƙin mai iri iri ne, lambobin da ke jikin galan kamar 20W-50 da 5W-30 suna faɗin kaurinsa, kuma injin zamani mai ƙananan hanyoyi in an ba shi mai kauri ba ya kai wa ko'ina da sauri, sai a bi abin da littafi ya ce. Na uku, motar da ta zo daga Amurka da mil take ƙidaya, mil ɗaya kuwa ya fi kilomita ɗaya da rabi, kada a ruɗe wajen lissafin wa'adi, kuma littattafan sun rage wa'adin juye ga ƙasa mai ƙura da zafi da cunkoso, irin tamu ke nan. Na huɗu, kada a zuba tsohon mai a kwata, domin ruwan sama zai kai shi kogin Kaduna da rijiyoyin maƙwabta.

Jabun mai ya yi yawa, saboda haka a saya a gidan man da aka sani ko wajen wakili tabbatacce, ka karya hatimin da hannunka, in ka gama ka huda galan, domin kada a sake cika shi da wani abu a sayar wa ɗan'uwanka.

Fasali na huɗu, a kan haƙƙin gidan dila

Kada abokina mai sifana ya yi murna tukuna, domin akwai inda hannunsa ya kamata ya tsaya. Wanda ya sayi sabuwar mota da garanti, ya karanta sharaɗin takardarsa, in ta ce sai a gidansu za a yi sabis, to ya cika, domin wanda ya ceci 'yan dubbai a juye ya rasa alkawarin inji bai yi ciniki ba. A Amurka tun 1975 doka ta hana kamfani ya soke garanti don kawai an yi gyara a wani wuri, kuma a 2012 mutanen jihar Masacusets suka jefa ƙuri'a cewa tilas maƙera su buɗe wa kanikawa masu zaman kansu ilimin gyaran motocinsu. Wannan tasu dokar ce. Kai a nan takardar da ka sa wa hannu ita za ka fara dubawa.

Abu na biyu shi ne aibin da ya fito tun daga maƙera. Misalinsa jakar iska ta kamfanin Takata, wadda take fashewa ta watsa ƙarfe a fuskar direba, har aka yi kiran miliyoyin motoci domin a sake ta, kamfanin kuma ya karye a 2017. Zafi da laima suna ƙara haɗarinta, kuma irin waɗannan motoci sun shigo ƙasar nan da yawa. Galibi motar zamani tana da lamba mai harafi da adadi 17 a gindin gilashin gaba, da ita ake bincika ko tana cikin waɗanda aka kira. Wannan tambaya ce ta wakilin kamfani, ba ta ƙofar gida ba.

Abu na uku shi ne duk abin da ya shafi ƙwaƙwalwar mota, da giya mai sarrafa kanta, da birki mai na'ura, da babban batir na motocin da ke haɗa fetur da lantarki, wanda wutarsa tana iya kisa. Waɗannan a kai su gidan dila ko babban gareji mai na'ura da mutanen da suka koyi aikinta. Tsadarsu ta fi sauƙi bisa ga gyaran ɓarnar mai lalube.

Fasali na biyar, a kan bakanike da sharaɗinsa

Tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi, watau takalmin birki da kuloci da ƙafafun mota da bel da famfon ruwa. Wannan rabon bakanike ne, kuma kada wani ya fahimci ina zagin kanikawa. A cikinsu akwai masu amana da basira waɗanda suka riƙe motocin garin nan da ƙarancin kayan aiki, duk wanda ya shiga Panteka ya ga abin da hannun mutanenmu ke iya ƙerawa ba zai raina su ba. Amma amana tana son shaida. Ka riƙi bakanike ɗaya, kada ka yi ta yawo. Ka ce ya faɗa maka cutar da dalilinta kafin ya kwance noti. Ku yi jinga tun farko. Ka ga sabon kayan da idonka, a ba ka tsohon a hannunka. In fitilar inji ta kama, a sa na'ura a karanta, ka rubuta lambar da ta fito, kada ka yarda a cire ƙwan fitilar ko a liƙe ta. Kuma in ya ce wani abu ba shi da amfani a cire, kamar tamostat ko tukunyar salansa da ake kira indomi, ka ce a'a. Tamostat ita ke riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, in babu ita sai ya ƙara shan mai ya ƙara lalacewa. Tukunyar nan kuwa tana tace hayaƙi, kuma a cikinta akwai ƙarafa masu tsada, shi ya sa ake kwaɗayinta.

Fasali na shida, amsa ga masu musu

In ka ce, ni malami ne, bai dace a gan ni da baƙin mai a hannu ba, sai in ce, iyayenmu da suka hau doki su da kansu suke duba kofatonsa da bayansa kafin a ɗaura sirdi, ko da suna da bara, ba wanda ya ce girmansu ya ragu. Sabulu yana wanke mai, amma tsayuwa bakin daji da iyali ba ta wankuwa daga zuciya da wuri.

In ka ce, ba ni da lokaci, sai in ce, dubawar safe ba ta kai shan shayi daɗewa ba, yinin da za ka yi a gareji kuwa ya fi ta sau ɗari.

In ka ce, ina da hali, zan biya dila ya ɗauke mini duka, sai in ce, madalla, biya. Amma dila yana ganin motarka sau biyu ko uku a shekara, sauran kwanakin kai ne da ita, kuma ba ya tare da kai ranar da tiyo ya fara yoyo a hanyar Birnin Gwari. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

In ka ce, tsoro nake ji in ɓata, sai in ce, wannan tsoro mai kyau ne, riƙe shi. Fara da dubawa kaɗai, sa'an nan matatar iska, sa'an nan ka tsaya kusa da bakanike ka ga juye sau biyu kafin ka gwada. Ba wanda ya fara karatu da babban littafi.

Khatima

Abin da nake roƙo ga kowane mai mota ƙarami ne. Ya sayi ɗan littafin rubutu ya ajiye cikin mota. Duk abin da aka yi mata ya rubuta kwanan wata, da adadin tafiyar da ke allon gaban direba, da abin da aka sake, da wanda ya yi, da kuɗin da aka biya, ya kuma adana rasit. Da wannan zai san wa'adin kome, zai kama wanda ya ce a sake abin da aka sake wata biyu da suka wuce, zai sami hujja in an kai ga ƙara, kuma ranar sayarwa motar za ta fi daraja. Tun da na fara haka ban sake kwana bakin hanya ba, kuma bakaniken da nake hulɗa da shi yanzu ya fi girmama ni, domin ya san ina rubutawa.

Ku kuma almajirai, kada ku ɗauki wannan sana'a ƙasƙanci. Motocin sun koma masu son mai karatu, kuma garin nan yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada da garejoji masu karɓar yara. Wanda ya haɗa karatu da sifana da riƙon amana ba zai rasa abinci ba, jama'a kuma za su huta da shi.

Abokaina biyu kuwa, na karanta musu wannan kafin in aiko. Mai zuwa gidan dila ya sayi geji, mai sifana ya yarda zai kai giyarsa inda na'ura take. Wanda ya ga kuskure cikin abin da na rubuta ya gyara mini, zan karɓa da godiya. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Haza wasalam.